Tsoron da Ba Ya Kwana: Abin da Zaman Ɗar-ɗar Ke Yi wa Jikin Mutanen Bakin Iyaka

Idan aka tashi lissafin ɓarnar rashin tsaro a ƙasar Bagudo ta jihar Kebbi, abin da ake ƙirgawa sananne ne: mutum nawa aka kashe, nawa aka sace, shanu nawa aka kora, kuɗin fansa nawa aka biya. Lissafin gaskiya ne, amma bai cika ba. Akwai ɓarnar da ba ta shiga rahoton 'yan sanda, wadda ke aukuwa a ƙirji da jijiyoyin mutanen da ko ƙwarzane ba a yi musu ba, daga Kurgu zuwa Tsamiya, daga Lolo zuwa Illo da Ka'oje. Magidanci ya rabu da barcin kirki, uwargida kullum kanta a ɗaure saboda ciwo, dattijon da bai san ƙofar asibiti ba an gwada shi an ce jininsa ya hau. Jikin ɗan Adam gwani ne wajen tarar haɗarin da zai zo ya wuce. Haɗarin da ba ya isowa kuma ba ya tafiya, wanda sai dai a kwana ana jiransa a tashi ana jiransa, shi ne ke cin jiki. Saboda haka nake ganin ciwon da zaman ɗar-ɗar ke haifarwa ya cancanci shiga lissafin asarar, a kuma nema masa magani da gangan.

Manomin shinkafa a fadamar Kogin Kwara ya sunkuya zai ɗaga dami, sai idonsa ya kai kan wani abu dogo a naɗe a ƙarƙashi. Kafin ya ce uffan ya riga ya yi tsalle baya, laujen ya faɗi, tsigar jikinsa ta tashi. Sai daga baya ya duba da kyau ya gane ko kububuwa ce ko guntun igiya. Wannan tsari na aiki kafin tunani ba kuskure ba ne. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da masana ke kira amigdala, mai gadin ƙofa, wanda saƙon ido da kunne ke isa gare shi ta gajeriyar hanya tun kafin sashen da ke auna magana ya gama nazari. Joseph LeDoux, masanin ƙwaƙwalwa a New York, ya shafe shekaru yana bin sawun waɗannan hanyoyi a jikin ɓeraye. Hikimar a fili take: wanda ya yi tsalle saboda igiya, dariya kawai abokan aiki za su yi masa, wanda ya tsaya tantama a kan maciji, sai an nemi mai babur a kai shi asibiti.

Daga amigdala umarni na sauka ta jijiyoyi zuwa wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su watsa sinadarin adrenalin cikin jini. Nan take zuciyar da ke bugawa sau 60 zuwa 100 a minti lokacin hutu ta ƙara gudu da ƙarfi, hanyoyin iska a huhu su buɗe, hanta ta saki sukarin da ta adana, ƙwayar ido ta faɗaɗa. Jini ya janye daga fata da hanji ya nufi manyan tsokokin cinya da damtse, shi ya sa tafin hannu ke yin sanyi, yawu ya ƙafe, abincin da ke ciki ya tsaya cik. Jinin ma kansa yakan ƙara saurin daskarewa, shirin ko za a ji rauni, kuma zafin ciwo yakan dushe har mutum ya yi gudu mai nisa a kan ƙaya bai sani ba sai ya tsaya. Walter Cannon na Jami'ar Harvard ne ya fara tattara waɗannan alamu wuri guda a littafin da ya fitar a 1915, bayan ya lura cewa cikin kyanwa yakan daina motsi da zarar an firgita ta. Ya bayyana su a matsayin shirin faɗa ko gudu. Bayan adrenalin akwai runduna ta biyu mai tafiyar hawainiya: sinadarin kotisol, wanda ke kai ƙololuwa kamar minti ashirin zuwa talatin bayan firgicin. Aikinsa shi ne ya riƙe sukari a jini, ya kuma jingine duk wata hidimar da za ta iya jira, irin su girma, gyaran jiki da harkar haihuwa.

Akwai martani na uku da Cannon bai ba shi muhimmanci sosai ba, kuma shi ne wanda al'adarmu ta fi zalunta: sandarewa. Wani idan 'yan bindiga suka dirar masa ba ya gudu, ba ya faɗa, ba ya ko iya ihu. Ƙafa ta riƙe, harshe ya yi nauyi, wani har fitsari ya kufce masa, wani ya suma. Gari na wayewa sai a fara gulma, a ce wane ya tsaya kamar gunki ana kora masa shanu, ina mazantakar? Ita kuwa macen da aka ci wa zarafi sai a tambaye ta don me ba ta yi kururuwa ba. Wannan hukunci jahilci ne. Sandarewa daɗaɗɗiyar dabarar tsira ce da ake gani a jikin dabbobi da yawa, daga wani ɓangaren ƙwaƙwalwa take fitowa wanda ba ya shawara da niyyar mutum, kuma takan sami sojan da aka horar kamar yadda take samun yaro. Sau da yawa ma ita ce ta sa mutumin ya rayu har ake zaginsa.

Duk wannan hayaniya an tsara ta ne ta yi mintoci ta lafa. Da zarar haɗari ya wuce, wani rukunin jijiyoyi na daban, wanda babbarsu ke saukowa daga kai ta ratsa wuya zuwa zuciya da hanji, yakan karɓi ragama: bugun zuciya ya sauka, numfashi ya daidaita, yawu ya dawo, jiki ya yi ta rawa na ɗan lokaci, yunwa da barci su biyo baya. Shi kansa kotisol idan ya yi yawa yakan koma ƙwaƙwalwa ya ce a dakata haka. Tambayar da Hans Selye ya yi a Montreal ita ce, me zai faru idan ba a dakata ba? A 1936 ya wallafa abin da ya gani a jikin ɓerayen da aka daɗe ana gallaza wa ta hanyoyi daban-daban, da sanyi, da allurai, da wahalar motsi. Kowace iri ce azabar, sakamakon ɗaya ne: ƙullutan saman ƙoda sun kumbura, sassan garkuwar jiki sun motse, ciki ya yi gyambo. Duk manomin rani ya san cewa injin ban-ruwa na iya jure a take masa wuta na awa ɗaya ko biyu, amma wanda aka bari yana kuka dare da rana ba a kashewa, ba rashin ƙarfi ke lalata shi ba, rashin hutu ne.

To a dubi rayuwar bakin iyakar Bagudo a 'yan shekarun nan. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, a Nuwamban shekarar kuma aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ga mutanen da cinikinsu da aurensu da zumuncinsu ke haɗe da Segbana da sauran garuruwan Benin, waɗanda naira da sefa ke cuɗanya a aljihunsu, wannan ba labarin rediyo ba ne, tukunya ce aka taɓa. A 2020 ambaliya ta shanye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar Kebbi, alhali manoma da dama na ɗauke da bashin noma. Sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya sake birkita hanyoyin fatauci na yankin. A Nuwamban 2024 sunan Lakurawa ya cika ƙasa bayan harin garin Mera a ƙaramar hukumar Augie, kuma a Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda. A tsallaken iyaka, jihar Alibori ta Benin na fama da nata: a Afrilun 2025 gwamnatin ƙasar ta tabbatar da kashe sojojinta 54 a hare-haren da aka kai yankin gandun dajin W. A ƙarshen Oktoban 2025 aka sace mataimakin kakakin Majalisar Dokokin Kebbi a cikin garin Bagudo, a Nuwamba kuma aka kwashe 'yan mata 25 daga makarantar kwana ta Maga a ɗaya kusurwar jihar. Mafi yawan mutanen Kurgu ba su ga ko ɗaya daga cikin hare-haren nan da idonsu ba. Amma amigdala ba ta neman shaidar ido. Ƙarar babura uku a jere bayan Isha ta ishe ta, mace ta miƙe zaune a kan tabarma, ta lalubi 'ya'yanta a duhu tana ƙirga kawunansu, ta kasa kunne har ƙarar ta ɓace, sannan ta kwana ido biyu.

Abin da ya fi muhimmanci a duk binciken nan, a ganina, shi ne wanda Jay Weiss ya gudanar a Amurka wajen ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970. Ya riƙa ba ɓeraye biyu jan lantarki iri ɗaya, ƙarfi ɗaya, lokaci ɗaya. Bambancin kawai shi ne ɗaya yana jin wata ƙara da ke yi masa gargaɗi kafin wutar ta zo, ko kuma yana da abin da zai taɓa ya tsayar da ita. Ɗayan ba shi da gargaɗi, ba shi da abin yi. Na biyun ne gyambon ciki ya fi yi wa illa, nesa ba kusa ba. Ma'ana, ba yawan azaba kaɗai ke cin jiki ba, har da rashin sanin lokacinta da rashin abin yi a kanta. Wanda ke da gargaɗi yana iya sakin jiki a tsakanin gargaɗi da gargaɗi. Wanda ba shi da shi, kowane lokaci lokacin haɗari ne. Wannan ya bayyana abin da zai iya zama abin mamaki: Basarken da ya tashi a ruwa, ya san watan da kogi ke cika, ya san inda dorina ke kwana, yana sana'a mai haɗari amma yana barci lafiya. Maƙwabcinsa da bai san daren da za a zo ba, bai san ko lambar da zai kira za ta shiga ba, kuma wayarsa cike take da saƙonnin murya na WhatsApp da ba a san wanda ya fara naɗarsu ba, shi ne ke ramewa.

Illar kuwa an auna ta a jikin mutane, ba ɓeraye kaɗai ba. A 1991 Sheldon Cohen da abokan aikinsa suka ɗiga wa masu sa kai kusan 400 ƙwayar cutar mura a hanci. Waɗanda suka fi damuwa a rayuwarsu su ne suka fi kamuwa. A 1995 Janice Kiecolt-Glaser ta nuna cewa ɗan raunin da aka yi wa matan da ke jinyar 'yan uwansu masu cutar mantuwa ya ɗauki ƙarin kwana tara kafin ya warke, idan aka kwatanta da na takwarorinsu. Babban binciken INTERHEART na 2004, wanda ya shafi ƙasashe 52, ya sa damuwa mai ɗorewa cikin manyan abubuwan da ke tare da bugun zuciya, kusa da taba da hawan jini da ciwon suga. Firgici guda ma kan iya kisa idan zuciyar dama tana da rauni: ranar girgizar ƙasar Los Angeles ta 17 ga Janairun 1994, masu mutuwar fuju'a ta zuciya sun kai 24, alhali a ranakun da suka gabata ba su cika wuce biyar ba. Hanyar da abin ke bi ba ɓoyayya ba ce. Jijiyar jinin da ke takure kullum takan yi tauri, sukarin da ake ta zubawa a jini ba a ƙona shi da gudu ba yakan gajiyar da jiki, rashin barci kuma ya ƙara rura duka biyun. Sannan ga fushi. Mutumin da jikinsa ke cikin shirin faɗa tun safe, abu kaɗan ke tunzura shi, kuma wanda ke kusa ne ke sha, wato matarsa da 'ya'yansa.

Wani zai ce duk wannan raunin imani ne, mai tawakkali ba ya kwana da fargaba. Maganar tana da gefen gaskiya, domin bincike da dama sun nuna cewa ibada da jama'a da yarda cewa wahala tana da ma'ana suna rage nauyin damuwa, kuma wanda ya tsaya salla a nutse, numfashinsa ya lafa, hakika yana taɓa jijiyoyin nan masu kwantar da jiki. Amma a mai da hawan jini shaidar ƙarancin imani, wannan ya saɓa wa abin da malamai da kansu ke karantarwa. Alƙur'ani ya ba da labarin tsoron da ya kama Annabi Musa, da baƙin cikin da ya taɓa idanun Annabi Yaƙub a kan rabuwa da Yusuf, kuma a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai shekarar da ake kira ta baƙin ciki. Adrenalin ba ya tambayar mutum yawan nafilarsa, kamar yadda sauro ba ya tambaya. Illar wannan fahimta ita ce tana sa mai ciwo ya ɓoye, don kada a ce ya kasa haƙuri, har sai ranar da ɓarin jikinsa ya shanye.

Ƙalubale na biyu ya fi ƙarfi, kuma daga likitoci yake fitowa: an cika ɗora wa damuwa laifin komai. Gaskiya ne. Shekara da shekaru duniya ta yarda cewa tunani ne ke kawo gyambon ciki, sai ga Barry Marshall da Robin Warren a Ostareliya sun gano a farkon shekarun 1980 cewa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawansa, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2005. Wanda aka ce wa ya rage tunani alhali maganin kashe ƙwayar cuta yake buƙata, an cuce shi. Haka hawan jini yana da gado a ciki, da gishiri da dunƙulen miya, da ƙiba, da shekaru. Kuma yawancin mutanen da suka ga tashin hankali sukan farfaɗo da kansu cikin makonni ko watanni, ba tare da sun ga likita ba. Ɗan Adam ba ƙwai ba ne. Na yarda da duk wannan, kuma bai rushe hujjar ba, iyaka ya yi mata. Damuwa ba kasafai take zama sanadi ita kaɗai ba, takan zama mai ƙara wa Borno dawaki. Kiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a yankunan rikici na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Huɗu sun tsira, to, amma a ƙauyen mutum dubu, ɗaya cikin biyar mutum ɗari biyu ne.

Na uku kuma shi ne na masu cewa ana fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da mata masu mutuwa wajen haihuwa, wa ke da lokacin wannan? Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma asibitin tarayya na masu wannan larura da ke Kware yana can bayan Sakkwato, tafiyar sa'o'i da kuɗin mota mai yawa daga Bagudo. Amma wannan hujja tana ɗauka cewa ba a yin komai sai da babban likita, alhali tarihi ya nuna akasin haka, kuma a nan gida aka fara nunawa. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara kwantar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, tare da danginsu, yana aiki har da masu maganin gargajiya. A Zimbabwe, Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu yawan tunani bisa tsari, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka ba kulawar da aka saba. Nijeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958. Ma'aikacin lafiya na ƙauye da ke da na'urar gwajin jini mai aiki, wanda aka koya wa ya tambayi mai ciwon kai yadda barcinsa yake, ba ya buƙatar sabon gini. In kuwa aka bar gurbin a buɗe, akwai mai cike shi: binciken shan ƙwayoyi na ƙasa na 2018 ya kiyasta mutum miliyan 4.6 na shan magunguna irin su tramadol ba bisa umarnin likita ba, kuma saurayin da ke gadin gari da dare ya yi noma da rana ya san shagon da ake sayarwa.

Sai dai babban maganin ba a asibiti yake ba, kuma binciken Weiss ne ke nuna inda yake. Idan rashin sani da rashin abin yi su ne dafin, to sahihin labari a kan lokaci magani ne na zahiri. Hakimi ko jami'in tsaron da ya fito ya ce ga abin da ya faru jiya, ga abin da bai faru ba, ga hanyar da za a kauce wa wannan makon, ya rage wa jama'a kotisol ko bai taɓa jin sunan ba; wanda ya yi gum don kada a ce yankinsa ba lafiya, ya bar fagen ga jita-jita. Lambar waya da ake ɗauka idan an kira, sabis ɗin da ba ya ɗaukewa, sanarwa kafin a sako ruwa ko kafin a rufe iyaka, duk suna mayar wa mutum wani yanki na ikon da ya kuɓuce masa. Haka tsarin gadi na karɓa-karɓa: idan kowane magidanci a unguwa ya san cewa daren Talata nasa ne, sauran darare shida kuma akwai wanda ya amince da shi a bakin gari, zai iya rufe ido. Garin da kowa ke gadi kowane dare, bayan wata uku ba shi da mai gadi ko ɗaya da hankalinsa ke jikinsa, kuma daga irin wannan gajiya ce ake harbin baƙon da ya ɓata hanya ko makiyayin da ya dawo a makare.